Ƙanina ya nace sai injiniyanci, Baba ya ce ƙarshenta POS zai buɗe

Ɗan_Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka yi karatun injiniya ko suke kan yi. Ƙanina ne bana zai zana WAEC da JAMB, yaron nan tun yana ƙarami ba abin da ya bari a gida, rediyon Baba, fankar Umma, har janareton maƙwabcinmu sai da ya kwance ya mayar, ya bar kusoshi biyu a ƙasa amma wlh ya tashi. Shi dai ya kafe sai fannin injina a ABU ko BUK, Baba kuma ya ce likitanci, wai ya ga 'ya'yan abokansa sun yi shekara biyar suna injiniyanci sun dawo suna zaman shagon POS. Ni kasuwa nake ban yi nisa a boko ba, kuma ni aka sa a tsakiya. Da gaske ba aiki ne?

Mai_Rodi:
Wa alaikumus salam. Malam kafin a zo maganar aiki, ya lissafinsa yake? Wannan ita ce tambayar. Kwance janareto daban, karatun daban. A JAMB Turanci zai zana da lissafi da fiziks da kemistiri, kuma sai da kiredit ɗinsu a WAEC ko NECO. Ni fannin gine-gine na yi, mun shiga da yara masu hannu sosai, irin ƙanin naka, amma lissafin aji biyu ya kwantar da su, wasu sai canja kos suka yi. Ka karɓi sakamakonsa na SS2 ka duba da idonka, kada ka tsaya a bakinsa.

Sannan shekara biyar ce a takarda, in yajin aiki ya faɗo ta ƙaru, na ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ci. Abin da ya fi min amfani duk a karatun shi ne SIWES na aji huɗu, wata shida a wajen aiki. Ranar farko da na je sait wani dattijo birkila ya miƙo min rodi ya ce injiniya wannan mai nawa ne, 12 ko 16? Na tsaya ina zare ido, leburori suka kwashe da dariya, ni da na iya lissafa nauyin da bim, wato dogarin kankare da ake gicciyawa a gini, zai ɗauka a takarda. Daga ranar na ajiye girman kai na riƙa bin tsohon nan kamar jela, a wajensa na koyi gane kankaren da aka cika wa ruwa tun kafin a zuba. Abokaina da suka je aka sa musu hannu a littafi kawai suka koma gida suka kwanta, su ne yau Baba yake gani. Bayan bautar ƙasa kuma sai ka tara shekarun aiki kafin COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ta yi maka rajista, ba a fitowa a ce maka injiniya haka nan.

Ummu_Sultan:
Yaya ni dai zan ce a bar shi, amma ya duba fannin lantarki shi ma. Ni shi na karanta, ban taɓa samun aikin gwamnati ba kuma na daina jira, sola muke haɗawa ni da wasu mutum uku, gidaje da kemis da rijiyoyin burtsatse na masu noman rani. Da yanayin wutar nan da tsadar fetur kowa inbata yake nema, matsalar dai kowa ya zama mai haɗa sola, za ka je gida ka tarar an sa siririyar waya a kan batir babba tana zafi kamar ta kama, a nan ne wanda ya yi karatun yake fita daban. Kuma tilasta yaro likitanci ba wasa ba ne, gurbin kaɗan ne, makin da ake nema ya fi yawa, in bai samu ba a tura shi kos ɗin da ba ya so, an yi biyu babu.

Bakanike01:
Duk kun manta da poli. ND shekara biyu, ka fita aikin koyo shekara ɗaya, ka dawo HND biyu, in kuma digirin yake so ya nemi DE, wato shiga kai tsaye, ya fara daga aji biyu a jami'a. Ni Kadpoly na yi, wato poli ta Kaduna, rabin abin da na iya a kasuwar Panteka na koya wajen masu ƙera injin niƙa da na casar masara. Gaskiya dai ana nuna wa HND bambanci a wasu wuraren aiki, wannan ba zan ɓoye ba.

Sarkin_Shakka:
Hmm kowa na ta daɗin baki. Manyan ayyukan ai sai ka san wani. Matatar Ɗangote tana Legas, yaron zai iya barin Kano?

Mai_Rodi:
@Sarkin_Shakka to ya zauna a Kurna aiki ya zo ya same shi? Ai injiniya bin aiki yake duk inda yake. Ga bututun gas na AKK, wato na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, ga layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, duk ta ƙofar gidanmu suka bi, kuma in ya iya AutoCAD, manhajar zane a kwamfuta, tun yana makaranta ko zanen gida yana ci da kansa.

Ɗan_Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karɓi sakamakon na duba, fiziks B ne, lissafi kuma C yake ta samu, da na yi magana wai malamin ne ba ya zuwa. Na ce ya fara lesin ranar Asabar ni zan biya. @Mai_Rodi in ba damuwa zan so ka yi wa Baba bayanin nan da bakinka, ni in na faɗa cewa zai yi na ɗaure wa yaro gindi.