Na haddace ayoyi da yawa, amma ban iya tantance wa'azi ba

Mai tambaya, Tawa:
Salama gare ku iyaye da ƴan'uwa. An yi mani baftisma, ba na fashin sujada, ayoyi ma na haddace da dama. Amma in aka turo wa'azi biyu a WhatsApp masu karo da juna, kowanne da ayarsa, sai in rasa na kamawa. Ibraniyawa 5:14 ta ce manya su ne waɗanda suka saba rarrabe nagarta da mugunta. Ta yaya mutum ke kai wa nan?

Dattijon ikkilisiya, Tawa:
Ɗana, tsintar aya ce ke wahalar da kai. Ka riƙa ɗaukar littafi guda daga farkonsa har ƙarshensa. Sabon Alkawari sura 260 ne: sura ɗaya a rana, kwana biyar a mako, shekara guda cif ka sauke shi. Fara da Markus, sura 16 ce kawai. Daga nan Luka da Ayyukan Manzanni, tunda marubucinsu ɗaya ne, labarin a jere yake. Romawa da Ibraniyawa su ɗan jira.

Wuri biyu ake faɗuwa. Masu farawa daga Littafin Farawa da zafi-zafi, galibi Littafin Firistoci ke kayar da su. Masu tsallakawa zuwa Wahayin Yahaya kuwa, ba su san Daniyel da Ezekiyel ba, sai su dawo da tsoro da lissafin ranar tashin duniya.

Ka sayi kaye, wato littafin rubutu. Kowace sura ka rubuta wa ke magana, da wa yake yi, me ya kawo maganar, sannan me aka ce a aikata. Layi huɗu sun isa. Da asuba ya fi, kafin rana ta buɗe, salula kuma tana nesa. Ranar da ka yi fashi kada ka ninka washegari. Bashin karatu ne ke sa mutane ajiye littafin gaba ɗaya.

Mai bishara, Yamai:
Baba ya gama magana kan karatu. Kan wa'azin salula, duk ayar da aka jefo maka, karanta goma kafinta da goma bayanta. Gwada da Filibiyawa 4:13, mai cewa zan iya yin kome ta wurin wanda yake ƙarfafa ni, wadda ake ja wa kowane buri. Aya ta 11 da ta 12 sun nuna Bulus yana zancen zama da wadar zuci ne, cikin yunwa da ƙoshi, kuma daga kurkuku ya rubuto. Irmiya 29:11, inda Allah ya yi alkawarin shirin alheri, ma haka: wasiƙa ce ga waɗanda aka kwashe zuwa Babila, aya ta 10 kuma ta ce sai shekara 70 ta cika. Alkawarin gaskiya ne, amma ba na arzikin gobe da safe ba ne. Mutanen Biriya Bulus kansa suka riƙa bincika wa maganarsa cikin Littattafai kowace rana, aka yaba masu (Ayyukan Manzanni 17:11). In kana jin Faransanci, ajiye juyin Louis Segond na 1910 kusa da na Hausa. Inda jimla ta cije a ɗaya, ɗayan kan warware ta. Wa'azin da ya ƙare da lambar tura kuɗi kuwa, ninka binciken.

Malamar zumuntar mata, Tawa:
Malam, duk na yarda, sai dai kada yaron ya ɗauka cika kaye shi ne girma. Korantiyawa ba su rasa sani ko baiwa ba, duk da haka Bulus ya kira su jarirai saboda kishi da jayayya (1 Korantiyawa 3:1-3). Ɗana, auna kanka a nan: in ɗan'uwa ya ɓata maka, kana zuwa wurinsa ku biyu kaɗai kamar yadda Matiyu 18:15 ta ce, ko sai rabin ƙungiyar matasa sun ji tukuna? Sai ya ƙi ji ake ƙara mutum ɗaya ko biyu, ikkilisiya ce ta ƙarshe. Da yawa daga ƙarshen suke farawa.

Kuma nemi babba guda mai riƙon asiri, namiji tunda kai namiji ne. Ku zauna sau ɗaya a mako, ka nuna masa kayen, ka ba shi izinin tambayarka zancen kuɗi da fushi da harshe.

Mai tambaya:
Na gode Baba, Malam da Mama. Litinin zan fara Markus. Sauran kwana biyun makon fa, me zan yi da su?

Dattijon ikkilisiya:
Asabar ka koma kan abin da ka rubuta. Lahadi ka ɗauko nassin da fasto ya yi wa'azi a kai, ka karanta surar dukanta bayan sujada.