GHz ɗaya, gudu daban: me kuka gani a injinanku?

Malamin lissafi, Birnin Kebbi: Salamu alaikum. Ku masu barin kwamfuta tana yi wa PrimeGrid ko GIMPS lissafi (shirye-shiryen sa-kai ne na intanet da ke neman manyan lambobin prime, waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu), ina da tambaya. Tawa tsohuwa ce mai furosesan Intel Core i5 na zamanin Sandy Bridge, 2011. Na samo wata ta gwanjo, ta zamanin Haswell, GHz ɗinsu (ma'aunin saurin bugun furosesa) kusan ɗaya, amma tun ranar farko ta yi wa tsohuwar fintinkau. Me ya jawo?

Mai gyaran kwamfuta, Gusau: Wa alaikumus salam, Malam. Ba GHz ba ne, umarnin da aka gina a cikin furosesan ne. Haswell ta zo da sababbin umarnin lissafi, AVX2 da FMA3, a 2013. FMA kan yi ninkawa da tarawa a bugu guda, shi kuwa gwajin lambobin nan akasarinsa ninkawa da tarawa ne. Dole ta wuce ta.

Ɗalibi, Aliero: Ni dai sabuwa ta ba ni kunya. Laptop ɗina Intel ƙarni na 12 ce, furosesanta na da manyan kwakwale (cores) da ƙanana, P da E. Na saka duka kan aiki ɗaya, sai manyan suka koma jiran ƙananan, kamar shanun huɗa da aka haɗa da maraƙi. Da na ware manyan kaɗai, aiki ya miƙe. AVX-512 kuma, umarnin da ya fi AVX2 faɗi, Intel ta rufe shi a wannan ƙarnin.

Ma'aikaci, Argungu: Ƙanena, Ryzen 7000 tawa ta AMD na da AVX-512, amma ni a wurin L3, ƙaramar ma'ajiya mai sauri da ke cikin furosesa, na sha wahala. Kowace kwakwalwa na ba ta aikinta, bayanai suka fi ƙarfin ma'ajiyar, suka koma zirga-zirga zuwa RAM. Na haɗa kwakwale da yawa kan aiki guda, sai ga sauƙi. Amma fa zafin Afrilu ba ya ragawa kowa. Da azahar fanka sai kuka, furosesa ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Yanzu bayan isha'i nake kunnawa, in kashe da asuba kafin batirin sola ya mutu.

Malama, Kaura Namoda: Ni tsohuwar wayar Android na bai wa Einstein@Home, wani shirin sa-kai na binciken sararin samaniya. Ba ta cin wuta, amma batirin ya kumbura, na haƙura.

Malamin lissafi: Allah ya saka da alheri. Mutumin Argungu, batir nawa ke kai ka asuba?