Ɗana yana wasan karɓar kuɗin fansa: in hana shi ko in ƙyale shi?

Baban Yara, Talata Mafara

Assalamu alaikum. Shekaranjiya da la'asar na dawo daga gona na tarar da ɗana mai shekara bakwai da abokansa a bayan gida, sun feƙe karan dawa sun yi bindigogi, sun naɗe fuskokinsu da tsumma, sun zaunar da ƙanwarsa a gindin dogon yaro a matsayin wadda aka kama. Ɗaya daga cikinsu ya kara tsohon silifa a kunne yana ciniki, yana cewa idan ba a kawo miliyan biyar da babur ba, ba za a sake ta ba. Ganyen bishiyar shi ne kuɗin. Wallahi jikina ya yi sanyi.

Mu ma mun yi bindigar kara, amma maharba muke kwaikwayo, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne motar kara, domin kowannenmu burinsa ya zama direban babbar mota irin waɗanda muke gani a hanyar madatsar ruwa ta Bakolori. Na yi imani a lokacin cewa wata ni kaɗai yake bi, kuma akwai ƙananan mutane a cikin rediyon mahaifina. Babu abin da na ƙosa da shi kamar in girma. Ranar da girman ya zo ina shekara goma sha uku, na ruga cikin gidan maƙwabcinmu kamar yadda na saba, sai matar gidan, wadda kullum take ajiye mini ƙanzo, ta jawo mayafi, maigidan kuma ya ce daga yau a zaure zan riƙa tsayawa in yi sallama. Na fito ina jin kaina namiji, amma da dare na kasa cin tuwo.

Ni ƙofa ɗaya aka rufe mini na gane ƙuruciya ta wuce. Shi wannan yaron, me ya rage masa nata? Ina neman shawararku.

Innar Biyu, Argungu

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada ka doke shi. Yaro abin da idonsa ya gani da abin da kunnensa ya ji yake zubawa a wasa. Mu da muka tashi a bakin kogin Matan Fada, 'yan'uwana maza da tsohon gidan sauro suke yin homa, su faɗa kwata suna cewa sun kamo giwan ruwa, ɗayansu ya zama Sarkin Ruwa yana ba kadoji umarni, saboda bikin kamun kifin nan da aka fara tun 1934 shi ne babban abin da suka sani. Ni kuwa tuwon ƙasa nake tuƙawa a gwangwanin tumatir, ina aurar da 'yar tsanata, ina matsa wa kakata ta ɗinke mini rabin azumin jiya da na yau su zama guda, domin a lissafa ni cikin manya. Ina shekara goma sha ɗaya Innarmu ta kwanta ciwo, aka miƙa mini muciya ta gaske, tukunyar mutum tara. Ban sake taɓa 'yar tsanar ba, kuma har yau ban san inda ta shiga ba. A ganina, tunda ɗanka yana iya mayar da abin tsoro wasa, to da sauran ƙuruciya a tare da shi.

Malamin Firamare, Gusau

Hajiya, na fahimce ki, amma ban goyi bayan a zuba ido ba. Tun daga watan Fabrairu na 2021, da aka kwashe ɗalibai mata 279 a Jangebe, a ƙaramar hukumar shi mai tambayar, da kuma watan Satumba na shekarar, lokacin da aka katse layukan waya a jihar nan ta Zamfara aka rufe makarantu da kasuwannin mako, na lura da sauyi a filin wasan makarantarmu. A da idan aka raba wasan soja da ɓarawo, faɗa ake yi a kan wa zai zama soja. Yanzu na sha ganin ana faɗa a kan wa zai zama mai daji, domin a idonsu shi ne mai babur, mai kuɗi, wanda manya suke rage murya idan za su ambace shi. Abin da ke damuna ke nan, tunda yaro wanda yake ganin ya fi kowa ƙarfi yake fatan zama idan ya girma. Gaskiya ne alƙalami bai hau kansa ba sai ya balaga, amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Malam, ka tambaye shi cikin lallashi wane ne shi a wasan, kuma ku daina sauraron saƙonnin muryar cinikin fansa a waya yara suna zaune.

Baban Yara, Talata Mafara

Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Malam, maganarka ta ƙarshe ta same ni, domin a wayata ya ji irin wannan cinikin lokacin da aka kama wani ɗan'uwanmu. Daren jiya bayan isha'i na zaunar da shi a kan tabarma na tambaye shi. Ya ce shi ba mai daji ba ne, shi ne mai kai kuɗi, kuma kullum shi yake zaɓar hakan, saboda idan ya girma yana son ya tara kuɗi masu yawa, ko da an kama ni ya karɓo ni tun kafin a yi mini duka. Na kasa ce masa komai. Da safe na yanko kara muka zauna a zaure na nuna masa yadda ake fafe tayar mota, ya ƙulla mata zare ya ja ta ya fita, bindigar kuma tana nan inda ya jingine ta a bayan randa.