Kalar da muke zuba wa lemo da ƙanƙarar yara: wacce ce ta abinci, kuma nawa ake sawa?

Maman Ilham

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sana'ar zoɓo, lemon citta, kunun aya da ƙanƙarar leda ta yara. Kalar da ke kasuwa iri biyu ce, akwai ta kwalba mai suna, akwai ta gari da ake ƙullawa a leda ba rubutu, kuma ita ta fi araha ta fi kamawa. To ga wani saƙo yana ta yawo a WhatsApp wai Amurka ta haramta jar kala saboda tana jawo kansa. Shin ita ce wannan da muke sawa? In akwai wadda ba ta da illa, nawa ake zubawa a bokiti mai lita 20? Sai kuma garin nan da ake cewa yana hana lemo lalacewa, yaya ake amfani da shi?

Abu Sadiq

Wa alaikumus salam, Hajiya. Saƙon yana da tushe, sai dai an ƙara masa gishiri. A Janairun 2025 hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta janye izinin jar kala guda ɗaya, wadda suke kira Red 3, a kwali kuma za ki gan ta da suna erythrosine ko E127, irin lambar E da ake ba sinadaran da ake sawa a abinci. An ba masu abinci wa'adi zuwa Janairun 2027, masu magani zuwa 2028. Dalilin shi ne an ɗura wa ɓeraye maza ita da yawan gaske, suka samu ƙari a maƙoshi, kuma dokarsu ta ce duk abin da ya jawo kansa ga dabba ba a sa shi a abinci. Ita kanta hukumar ta ce hanyar da ciwon ke bi a jikin ɓera ba ta aiki a jikin mutum. Tun 1990 ma suka hana ta a kayan shafa.

Jar da aka fi samu a lemo ba ita ba ce. Yawanci carmoisine ce (E122), ko ponceau 4R (E124), ko allura red (E129). Kala ruwan ɗorawa tartrazine ce (E102), mai launin ɓawon lemo kuma sunset yellow (E110). Waɗannan biyar da quinoline yellow (E104) su ne aka gwada a Jami'ar Southampton ta Ingila a 2007, aka ga suna iya ƙara wa wasu yara ƙiriniya da rashin natsuwa. Shi ya sa tun 2010 dole duk abincin da ke ɗauke da su a Tarayyar Turai ya zo da gargaɗi a jikinsa. Ba duk yaro abin ke taɓawa ba, amma tunda yara ne masu sayen ƙanƙararki, ya shafe ki. Tartrazine kuma takan tayar wa wasu ƙalilan borin jini ko asma.

Ni dai abin da ya fi tsorata ni ba waɗannan ba ne, ƙullin ledar nan ne. Mai lambar E an san ko mece ce, an san iyakarta. Ta leda ba wanda zai iya rantse miki cewa ba rinin tufafi ko na fata ba ne. Ki tuna abin da ya faru a Kano a Maris na 2021, inda ɗaruruwan mutane suka kwanta asibiti da fitsarin jini bayan shan lemon gari, wasu suka rasu. Da NAFDAC ta gwada abin da aka sayar da sunan ɗan tsami, sai ta samu hydroxylamine, sinadarin masana'anta. Farin gari ne, ido ba ya bambance shi da na gaskiya.

Ummu Hani

Bari in amsa maganar awo, don a nan yawancinmu ke kuskure. Kowace kala tana da iyakar da jiki zai ɗauka a rana, gwargwadon nauyin mutum. Sunset yellow miligiram 4 ce a kowane kilo, allura red 7, erythrosine kuwa 0.1 kacal. Yaro mai kilo 20 ke nan iyakarsa miligiram 80 na sunset yellow a wuni, kuma a ciki har da alawa da biskit da lemon kwalbar da ya sha a makaranta, ba naki kaɗai ba.

Kada ki wuce miligiram 100 a lita, wato giram 2 a bokitinki mai lita 20, kuma rabin haka ma yana bada launi mai kyau. Ƙaramin cokali ɗaya a cike ya riga ya wuce giram 2, don haka awon cokali ko na yatsa ba zai yi ba. Ki sayi ɗan sikelin nan irin na masu gwal. Ki auna giram 1, ki narka a ruwan ɗumi mililita 100, ki zuba a kwalba mai duhu a firji. Kowace mililita ɗaya tana ɗauke da miligiram 10. Da sirinji mai tsabta sai ki riƙa ɗiban mililita 3 zuwa 5 ga kowace lita. Wannan lissafin na garin kala ne tsantsa. Ta ruwa an riga an sirka ta, sai ki bi abin da aka rubuta a kwalbar.

Zoɓo kuwa wallahi ba ya buƙatar kala. In ya koɗe, ko dai an tsuga ruwa ya yi yawa, ko an daɗe ana tafasa shi, ko an sa kanwa don kashe tsami. Kanwa ita ke mayar da jan zoɓo ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu. Ki ɗauki baƙin zoɓo, tafasa ɗaya ki sauke, ki bar shi a rufe ya jiƙu, ki matsa lemon tsami kaɗan, jan zai fito. Lemon citta kuma ɗan kurkum ya ishe shi, sai dai rana tana cinye launinsa, kada ki jera shi a fili.

Malam Ɗanjuma

Garin hana lalacewa da kike nufi sodium benzoate ne, E211. Aikinsa a cikin abu mai tsami kaɗai yake, don haka yana riƙe zoɓo da lemon da aka sa wa tsami, amma a kunun aya asarar kuɗi ce. Wasu in suka ga kunun ya ci gaba da lalacewa sai su ƙara zubawa, ga ɗanɗano ya ɓaci ga awo ya wuce. Kunun aya maganinsa tsabta da sanyi da sayarwa a ranar.

Kada ki wuce giram 5 a lita 20. Ki narka shi a ruwa tukuna, ki juya cikin bokitin, sannan ki sa tsamin daga baya. In tsamin ya riga shi shiga, yakan dunƙule ya kwanta ƙasa. Kuma kada ki haɗa shi da garin bitamin C, domin su biyun in suka sha zafi da rana suna iya haifar da benzene, wanda tabbas yana jawo kansar jini. A kan wannan batu ne wata babbar kotu a Legas ta umarci NAFDAC a 2017 da ta sa a rubuta gargaɗi a jikin wasu lemukan kwalba.

Maman Ilham

Allah ya saka da alheri. To ta ledar da na riga na saya, akwai yadda zan gwada ta a gida?

Abu Sadiq

Gwajin gida yana iya kama mugu, amma ba ya wanke kowa. Ki zuba ruwa da farin man gyaɗa a kofin gilas, ki sa ƙwayar kalar ki girgiza. Kalolin da na lissafa a ruwa suke narkewa. In man ne ya rine ja, ki yi zargin rinin masana'anta da ake kira Sudan, irin wanda hukumar abinci ta Ghana ta kama a manja a kasuwannin Accra a 2015. In kalar ruwan hoda ce mai ƙyalli kuma tana walƙiya a ƙarƙashin tocilar duba jabun kuɗi, alamar rhodamine B ce, rinin masana'anta. Ko duk ta tsallake, gwajin bai gaya miki ko akwai dalma a ciki ba, don haka shawarata ki zubar da ita, ki ɗauki asarar.

In za ki sayi wata, ki duba abu huɗu: sunan kalar ko lambar E, sunan kamfani da adireshinsa, lambar rajistar NAFDAC, da ranar ƙarewa. Kada ki yarda a ɗebo miki daga buɗaɗɗen buhu. Ɗan tsami ma haka, sai wanda aka rubuta citric acid ko E330 a jikin ledarsa ta asali. In kika ci karo da E120 kuma, carmine ce, daga jikin wani ƙwaro ake samun ta, malamai sun saɓa a kan halaccinta, sai ki tambayi malaminki kafin ki sa wa jama'a.