Lensin hamsin na kyamarar awon nisa: wane suna za mu ba shi?

Malam Sabo: Assalamu alaikum. Jama'a, kalmomi biyu nake nema. Ta farko ita ce wadda Turawa ke kira sitandad lens, wato lensin milimita 50 a kyamarar ƙaramin fim. Ta biyu renjifainda, irin su Leica M, tsohuwar Contax, da Zorki da FED na zamanin Tarayyar Sobiyat, waɗanda mai ɗauka ba ya leƙe ta cikin lensi sai ta wata 'yar taga daban. Ana son bayanin da zai kwatanta lensoshin hamsin na irin wannan kyamara, kuma in ba a tsayar da kalmomi ba rubutun zai fito rabi Hausa rabi Turanci. Abin da ya fara zuwa mini shi ne "lensin gama-gari" da "ma'aunin nisa". Me kuka gani?

Nafisa: Wa alaikumus salam, Malam. "Gama-gari" akwai ƙamshin raini a cikinsa. In aka ce kaya gama-gari ne, ana nufin na kowa da kowa, marar wata daraja. Ba za a kalli Summilux, lensin hamsin na Leica, a ce masa gama-gari ba. Ni da "matsakaici" na fi yarda, tunda yana tsakanin lensi mai faɗin gani da mai jawo nesa.

Injiniya Bello: Malama Nafisa, tsakiyar me da me? In ka ɗauki 35 da 90, tsakiyarsu ta wuce 60. Asalin ƙa'idar daga girman fim take. Fuskar hoto ɗaya a ƙaramin fim milimita 24 ce da 36, in ka auna ta daga kusurwa zuwa kusurwa za ka samu 43.3. Lensin da tsayinsa ya yi kusa da wannan awo shi ake ba wannan suna. Hamsin ya ɗan zarce, amma shi Oskar Barnack ya ɗora wa Leica ta farko da ta fito a 1925, kowa kuma ya bi sahu. A kyamarar da ke ɗaukar hoto mai santimita 6 da 6, lensin 80 ne ke wannan matsayi. Ke nan sunan ba na wata lamba ɗaya ba ne, yana bin girman fim ne.

Usaini: To a ce "lensin ganin ido" mana. Ai haka ake koya mana, cewa yana gani kamar idon mutum.

Injiniya Bello: Ana faɗa, amma rabin gaskiya ce. Lensin hamsin yana ɗaukar kimanin digiri 47 daga kusurwa zuwa kusurwa, 40 a kwance. Miƙe hannuwanka biyu gefe ka motsa yatsu kana kallon gaba, za ka ga ido ya ninka wannan sau da yawa. Inda maganar ta samo gindin zama shi ne tagar Leica M3 ta 1954, wadda ke nuna abu da girman 0.91 na yadda ido ke ganinsa, har mutum na iya buɗe idanu biyu yana leƙe. Amma wannan aikin taga ne, ba na lensi ba. In muka sa "ganin ido" mun dasa kuskure a cikin suna, kuma kuskuren da ya shiga suna ba ya fita da sauƙi.

Baba Ɗanjuma: Ku bari mai sukundireba ya sa baki. Duk kuna kallon gaban lensi, amsar kuwa tana bayansa. Cire lensi daga jikin Leica ka leƙa bakin kyamarar daga sama: akwai ɗan ƙaramin taya a kan hannun ƙarfe, sifirin na turo shi gaba. A gindin lensi kuma akwai zoben tagulla da aka goge sumul. In ka murɗa saiti zuwa ƙarshen nisa, zoben na danna tayan ciki. In ka murɗo kusa, zoben na ja gaba, tayan na bin sa. Wannan motsi shi ke karkata madubin cikin na'urar, sai ɗaya daga inuwa biyu na abin da ake kallo, waɗanda ake gani a tabon da ke tsakiyar taga, ta zame har ta hau kan ɗayar, alamar saiti ya yi daidai.

To, ga inda gizo ke saƙa. An gina na'urar gaba ɗayanta a kan tafiyar lensi mai tsayin 51.6, wanda aka rubuta wa 50 a jiki. Daga ƙarshen nisa zuwa mita ɗaya, gilasan irin wannan lensi suna fitowa gaba da kimanin milimita 3, zoben ma haka, ɗaya bisa ɗaya, babu tafinta a tsakani. Lensin 35 kuwa tafiyarsa ba ta kai ɗaya da rabi ba, na 90 tana kusan goma. Dole a yi musu tiredi na biyu ko a sassaƙa wa zoben gangara, don a mayar da tafiyarsu ta koma milimita ukun nan da tayan ya sani. Kowane lensi a wannan kyamara da harshen hamsin yake magana. Saboda haka ni "lensin mizani" zan ce. Da shi ake auna sauran.

Nafisa: Baba, na sallama. "Mizani" ya ɗauki maganar Injiniya ta awon fim, ya kuma ɗauki taku ta cikin inji. Sai dai a baki kowa "hamsin" zai ci gaba da cewa.

Baba Ɗanjuma: Ba laifi, 'yata. A rubutu mizani, a baki hamsin. Ga ma abin da zai nuna muku kalmar tana aiki. Lensoshin Jupiter-8 da Jupiter-3 na Sobiyat an kwaikwayo su ne daga Sonnar na Zeiss, kuma sun bi awon Contax, kimanin 52.4, ba 51.6 ba. Suna ɗauruwa a jikin Leica lafiya lau, a nesa kuma komai daidai. Amma a mita ɗaya, taga za ta ce inuwa ta haɗu, alhali saitin gaskiya ya faɗa baya da kusan santimita uku. Ka saita a ƙwayar ido, kunne ya fito tar. Ba lensin ne ya lalace ba, mizani biyu ne suka haɗu a waje ɗaya. Masu gyara kan ƙara siririn zoben ƙarfe a ƙarƙashin gilasan don kusa ya daidaita, sai dai nesa ta ɗan biya kuɗin in aka buɗe ramin da haske ke shiga gaba ɗaya, wato a buɗin farko.

Malam Sabo: Allah ya ƙara basira, Baba. Na karɓi mizani. Saura renjifainda.

Injiniya Bello: A raba ta biyu. Na'urar da ke ciki ita ce "ma'aunin nisa", kyamarar kuma "kyamarar awon nisa". Aikin da mai ɗauka ke yi, "haɗa inuwa". Akwai kalma ta huɗu da ba makawa sai an buƙace ta wajen kwatanta lensoshi: "tazarar tagogi", wato ratar da ke tsakanin tagar leƙe da 'yar ƙaramar tagar awo. Ana ninka ta da girman da taga ke nunawa. M3 tana da 68.5 sau 0.91, ya ba da kimanin 62. M6 mai 0.72 tana ba da kusan 50. Ƙaramar Leica CL ba ta kai 19 ba. Gwargwadon faɗin tazarar, gwargwadon ingancin awo, shi ya sa lensi mai buɗin 1.4 ke wahalar da CL a kusa.

Hajiya Rabi: Tunda an ambaci buɗi, a tsayar da shi. Ni "ƙofar haske" nake cewa ga ramin da ganyayen ƙarfe ke buɗewa da tsukewa, lambar kuma "buɗi". Lensin 50 a buɗin 2 ƙofarsa milimita 25 ce, a 1.4 kusan 36. Kowane mataki, daga 1.4 zuwa 2 zuwa 2.8 zuwa 4, yana rage haske da rabi. Yankin da ke fitowa tar gaba da bayan inda aka saita kuma "zurfin saiti". A mita ɗaya, buɗin 1.4 yana ba da kimanin santimita uku duka-duka, buɗin 2 huɗu da rabi. Wannan ƙuncin ne ya sa santimita ukun da Baba ya faɗa ke kashe hoto.

Yanzu kwatancen kansa. Lensoshin mizani na wannan kyamara yawancinsu daga gida biyu suka fito, in aka ajiye Elmar mai buɗin 3.5 na Max Berek, wanda ke da gilasai huɗu kuma ake iya tura shi cikin jikin kyamara. Gida na farko Sonnar ne, na Ludwig Bertele, wanda mai buɗin 1.5 ya fito a 1932 da gilasai bakwai da aka manne su rukuni uku. Gida na biyu tsarin Planar ne, na Paul Rudolph tun 1896, gilasai shida a rukuni huɗu, gaba da baya suna kama da juna. A wancan zamani ba a yi wa gilashi shafen da ke rage asarar haske ba, kuma duk inda haske ya tsallaka tsakanin iska da gilashi ana asarar kimanin kashi huɗu zuwa biyar cikin ɗari, abin da ya ɓace kuma yawo yake a ciki yana wanke hoto. Sonnar fuskoki shida gare shi, Planar takwas, don haka Sonnar ya yi gaba. Da shafe ya zama ruwan dare bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai reshe ya juye da mujiya. Summicron ya fito a 1953, kuma tsarin da Walter Mandler ya yi masa a 1979 gilasai shida ne a rukuni huɗu.

A aikace, gidan Planar, irin Summicron 50 da Zeiss Planar 50 masu buɗin 2, yana ba da kaifi daga tsakiya har gefe, layuka a miƙe, saiti ba ya wasa. Gidan Sonnar gajere ne, a buɗin farko tsakiya na da kyau gefe na da laushi, kuma yana da wata ɗabi'a da ita ma take buƙatar suna: inda saiti ya faɗa yana canzawa in aka tsuke ƙofa.

Usaini: "Kuskuren saiti" bai isa ba, Hajiya?

Hajiya Rabi: Bai isa ba, domin cuta biyu ce daban, maganinsu ma daban. Kuskuren saiti a tsaye yake, ko wane buɗi ka sa yana nan inda yake, kuma mai gyara zai iya cire shi. Wannan kuwa tafiya yake. Hasken da ya bi ta gefen gilashi yana taruwa kusa da lensi fiye da wanda ya bi ta tsakiya. A buɗin 1.5 hasken gefe ne ke da rinjaye. Da ka tsuke zuwa 2.8 ka yanke shi, sai saiti ya ja baya, nesa da kyamara. Ma'aunin nisa bai san an taɓa ƙofa ba, tunda zobe kaɗai yake ji. Don haka a buɗi ɗaya tak za a iya daidaita lensin. Zeiss C Sonnar na zamani ya yi suna da wannan: wanda aka daidaita a 2.8, in ka buɗe shi 1.5 a kusa, saiti na faɗowa gaban abin da ka nufa. Ni "gocewar saiti" na zaɓa.

Baba Ɗanjuma: Gocewa ta fi zamewa, don zamewa za ta sa a zaci zoben ne ya saki. Ga yadda ake rarrabe su. Ɗora kyamara a kan ƙafa uku, jingina rula a karkace mita ɗaya daga inda fim yake, ba daga bakin lensi ba. Haɗa inuwa a kan lamba ɗaya, sannan kada ka ƙara taɓa zoben saiti. Ɗauki hoto a 1.5, 2, 2.8, 4 da 5.6. In wurin kaifi yana tafiya baya hoto bayan hoto, gocewa ce, kuma daga 5.6 zurfin saiti kan haɗiye ta. In ya tsaya waje ɗaya amma ba inda ka saita ba, kuskure ne. Sai ka sa wani lensi ka maimaita. In shi ma ya kauce ta wannan ɓangare, laifin na jikin kyamara ne, kada a je a buɗe lensi a banza.

Nafisa: Akwai abin da masu kwatance kan manta, girman lensi. Tunda taga tana gefe, lensi mai ƙiba yana tare kusurwar ƙasa ta dama a cikin layukan da ke nuna iyakar hoto a taga. Summicron mai bakin filta 39 kusan ba ya tare komai, Summilux mai 46 yana ɗan ci, Noctilux mai buɗin 0.95 da bakin 60 kuwa yana cinye kusurwar sosai. Shi ya sa ake huda rumfar lensi, wato zoben da ake sa wa a bakinsa don kare shi daga hasken gefe, don a riƙa hangowa ta ramin. Na ce "rumfa" ba "hula" ba, kada a rikita ta da murfi.

Baba Ɗanjuma: Murfin ma a sa shi a bayanin. Da murfi a rufe taga na nuna komai garau, sai an wanke fim a ga wayam. In kuma aka bar shi a buɗe aka ajiye kyamara tana kallon rana, lensi na tara haske ya huda labulen kyamara da ke gaban fim, don na yadi ne. Sannan masu M5 da CL kada su tura Elmar ciki, zai daki hannun ma'aunin haske.

Malam Sabo: Saura ɗaya, boke, kalmar da aka aro daga Japananci don yanayin bayan hoto da bai shiga saiti ba. Na so in ce "hazon baya".

Hajiya Rabi: A'a, Malam, hazo mun riga mun ba farin dattin da ke kwanciya a cikin tsofaffin gilasai, wanda ake gani in an haska tocila ta baya. "Dishi-dishi" kuma ciwon ido yake tunawa mutum. Gwada "narkewar baya". Za ka iya cewa Sonnar bayansa na narkewa sumul, wani lensin kuma narkewarsa na da kaushi, fitilun nesa na fitowa da zobe mai haske a gefe.

Usaini: In gaban hoton ne bai shiga saiti ba fa, kamar ganyen da ke kusa da kyamara?

Hajiya Rabi: Sai ka ce narkewar gaba. Kuma a lensi mai gocewar saiti irin Sonnar ba sa zuwa ɗaya: dalilin da ya sa bayansa ke laushi shi ne ke sa gabansa ya fi kaushi.