Shawarwarin da aka ba ƙanwata kafin ta tafi bautar ƙasa

Da takarda ta fito aka tura ƙanwata jihar Kuros Riba, kwana biyu ta yi tana kuka. Sai muka zauna a tsakar gida bayan la'asar da waɗanda suka riga ta yi, kowa ya kawo tasa.

Yaya ce ta fi daɗewa tana magana, ita da ta yi nata a Inugu. Ta ce a gida an riga an ɗinka miki riga: ke ce mai shiru, ke ce ta kicin. A can kuwa babu wanda ya san ki, abin da kika nuna shi za a gani. Ita a makonni ukun nan na sansani ta tuna ashe ta iya tsayawa gaban jama'a ta yi magana, abin da ta ajiye tun muhawarar sakandare. Don haka kada a yi gaggawar neman canjin jiha, a ba wa wurin ko da wata uku ne.

Kawu ya ce ta nemi Bogobiri, unguwar Hausawa a Kalaba, saboda masallaci da tuwo, amma kada ta tare a can. Ta shiga kasuwa, ta koyi gaisuwar Efik. Ai don a cuɗanya Gowon ya kafa shirin a 1973.

Ɗan baffanmu cewa ya yi ta rage kiran gida. Nan Inna ta harare shi, ni ma ban goyi baya ba. Littafin rubutun da ya ce ta saya dai yana cikin akwatinta, ƙarƙashin kilishi.