Me ya sa askarawan Harami ba sa rataya bindiga irin 'yan sandanmu na gida?

Ɗan_Jarwal:
Assalamu alaikum jama'a. Wata tambaya ce ke min yawo a rai. Kowa ya san cunkoson Harami a goman ƙarshe na azumi, amma in ka lura da askarawan da ke tare ƙofofi, yawancinsu ba abin da ke hannunsu sai rediyon oba-oba da shingen roba da suke ja su tare hanya, in ciki ya cika sai fitilar saman ƙofa ta koma ja su riƙe hannun juna su ce a zagaya, shikenan, kuma mutane su bi. A gida ko shingen kan hanya ne sai kaga ɗan sanda da AK-47 a kafaɗa. To wai rashin kuɗin sayen barkonon tsohuwa da harsashin roba da irin bindigar lantarkin nan ne ya sa namu suke ɗaukar bindigar yaƙi, ko yaya abin yake? Sauran ƙasashe da me suke fita?

Abu_Safwan:
Wa alaikumus salam ɗan uwa. Da farko kar ka ɗauka babu masu bindiga a Makka, akwai su, kawai ba a tsakiyar masu ɗawafi ake ajiye su ba. Ƙasar da ta ga yadda Juhaiman da mutanensa suka mamaye Harami da bindigogi a 1979, aka shafe sati biyu ana artabu a cikin masallacin, ba za ta yi sake ba. Amma tura jama'a da juya su aiki ne daban da yaƙi da ɗan ta'adda, kuma kayan aikinsu daban.

A Ingila da Sukotilan da Wales ɗan sandan da ke sintiri ba ya ɗaukar bindiga, kulki ne da ankwa da feshin barkono, wasu da Taser, wato bindigar lantarkin nan, in abu ya yi tsanani a kira runduna ta musamman, tun kafa 'yan sandan Landan a 1829 a kan haka suke. Amma a Ireland ta Arewa, duk ƙasa ɗaya, kowane ɗan sanda da ƙaramar bindigarsa saboda rikicin da aka daɗe ana yi a can. New Zealand kuwa bindigar na kulle a mota. Iceland sai 2013 'yan sanda suka fara harbe mutum har lahira. Amurka kuma kusan kowane ɗan sanda da bindiga a ƙugu.

Bakassaliya:
Malam Abu Safwan Allah ya ƙara sani, amma ni wannan batun da ake cewa akwai makamin da ba ya kisa ne bana son a wuce shi da sauri. Kafin yaƙi ya koro mu nan Jidda a Khartum muke, kuma tun zanga-zangar da ta tashi daga Atbara a Disambar 2018 kan tsadar burodi, har bayan juyin mulkin Oktoban 2021, mun sha bamban, haka muke kiran barkonon tsohuwa a can, har cikin ɗakunanmu. Hayaƙin dai za ka yi tari ka yi hawaye ya wuce, in ba mai asma ba ne ko jariri, amma gwangwanin fa ƙarfe ne kuma da zafi yake fitowa, ƙa'ida a harba shi sama ya faɗo nesa da mutane, su kuma sai su saita kan mutum daga kusa. Yaron maƙwabtanmu a gefen goshi ya same shi, ina tsaye aka shigo da shi a kan babur rigarsa duk jini uwarsa na kiran sunansa ba ya amsawa, ya rayu amma har muka rabu maganarsa ba ta dawo daidai ba. Wasu kuwa a take suka rasu. Wallahi duk sanda naji ance ai barkonon tsohuwa kawai aka harba sai raina ya ɓaci.

Abu_Safwan:
Gaskiyarki Hajiya, Allah ya ba yaron lafiya ya kawo ƙarshen yaƙin nan. Kuma abin mamaki, yarjejeniyar hana makamai masu guba ta 1993 ta haramta amfani da wannan hayaƙi a fagen yaƙi, amma ta bar wa ƙasashe damar watsa wa 'yan ƙasarsu. Harsashin roba ma haka, a Ireland ta Arewa aka fara shi a 1970, kuma shi da na leda da ya gaje shi sun kashe mutum 17 a can, takwas yara ne. A Faransa lokacin zanga-zangar masu riga ruwan ɗorawa a 2018 da 2019 mutane da dama sun rasa ido.

Mai_Tasi_Riyad:
Ni inaga amsar tambayar Ɗan Jarwal tana filin ƙwallo. A Accra ranar 9 ga Mayun 2001, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, aka harba barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo ƙofofi a rufe, sama da mutum 120 suka mutu a turmutsitsi. A Indonesiya ma 2022 filin Kanjuruhan mutum 135. Ba harsashi ko ɗaya ya kashe su ba, gudu ne da danne juna. Yanzu ka ƙaddara gwangwani ɗaya tak ya faɗa tsakiyar alhazai a hanyar Jamra, tsofaffi da masu keken guragu, Allah ya kiyaye. Shi ya sa a Arfa ruwa za ka ga askar yana fesa wa mutane a fuska saboda zafi.

Batun namu na gida kuma ba kuɗi kaɗai ba ne. Wanda aka tura hanyar Birnin Gwari ba za ka ba shi kulki ba, 'yan bindiga ne a gabansa. Damuwata shi ne wannan bindigar dai ita ake ba wanda zai raba faɗan 'yan kasuwa ko ya tsayar da ɗan adaidaita, babu komai tsakanin tsawa da harbi.

Ɗan_Jarwal:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Hajiya ki yi haƙuri na tayar miki da tsohon ciwo. Malam Abu Safwan ita Taser ɗin fa, mai ciwon zuciya in an harba masa yana tashi kuwa?

Abu_Safwan:
Ƙananan kibiyoyi biyu take harbawa masu waya, su maƙale a jiki, wutar ta ɗaure jijiyoyi na daƙiƙa biyar mutum ya zube. Yawanci ana tashi, amma an samu waɗanda suka mutu, musamman in an maimaita ta sau da yawa ko mutum ya faɗi da ka kan siminti, shi ya sa ake hana saita ƙirji.